Giram Ɗari Takwas da Suka Ɓace

Akwai wani bawan Allah da ake kira Farfesa, ba don yana koyarwa a jami'a ba. Yayan matarsa ne ya laƙaba masa sunan don ba'a, sunan kuma ya bi shi har ya danne na gaskiya.

Ilimin sinadarai ya karanta, ya fito da sakamako mai kyau. Shekara huɗu ya yi yana yawo da takardunsa daga wannan ofis zuwa wancan, har gefensu ya yi baƙi da dattin hannu. Aiki bai samu ba. Daga ƙarshe surukinsa ya ce ya zo ya kama aiki a wurinsa.

Surukin nan ana ce masa Mai Azurfa. Yana da ƙaramar masana'anta inda ake yi wa kayan ƙarfe ruwan azurfa: cokula, farantai, butocin shayi, da kofunan da ake ba waɗanda suka ci gasa. Mutum ne mai kwarjini, ba ya maimaita magana. Bai yi karatu mai zurfi ba, a hannu ya koyi sana'ar.

Bayan aikin, ya ba Farfesa da matarsa Auta ɗaki biyu a bayan gidansa, ya ce su zauna kafin su tsaya da ƙafarsu.

Kun ga an haɗa wa mutum komai a wuri ɗaya. Aikin na suruki, ɗakin na suruki, ƙofar da zai bi ya fita ma sai ya wuce ta gaban kujerar suruki. Ko tari ya yi, sai ya ji kamar ya nemi izini.

A masana'antar, wurin aikinsa shi ne ɗakin tanki. Ɗaki ne marar taga, sai wata fanka a jikin bango da ke zuƙe wari tana ƙara kamar za ta faɗo. A tsakiya akwai dogon tanki cike da ruwan magani. Ana rataye allunan azurfa a gefe biyu, a rataye kayan da za a yi wa aiki a tsakiya, sannan a kunna injin wuta. Azurfa sai ta riƙa barin allo a hankali, ta bi ta cikin ruwan, ta je ta manne a jikin kayan. Ido ba ya ganin tafiyarta. Sai dai ka saka cokali ja, ka ciro shi fari tas.

Abin da Farfesa ya sani, wanda sauran ba su damu da shi ba, shi ne azurfar ba da ka take tafiya ba. Da lissafi take tafiya. Ƙarfin wuta ana auna shi da ampiya. Ampiya ɗaya, idan ta yi awa ɗaya tana gudana, giram huɗu na azurfa take ɗauka daga allo ta kai jikin kaya. Injinsu kullum a kan ampiya ashirin yake. Ke nan duk awa ɗaya, giram tamanin ke barin allo. Ba ta ƙarawa don tana son ka, ba ta ragewa don tana jin haushinka.

Ranar da ya fara yin wannan bayani, yayan matarsa ya yi dariya har da riƙe ciki.

Shi ne babban ɗan Mai Azurfa, ana ce masa Manaja. Ba ya shiga ɗakin tanki sai ya toshe hanci, amma shi ke ba da umarni.

Ya ce, "Ku ji min Farfesa! Mu da muka tashi a cikin sana'ar nan, yau za a koya mana ita da biro. Baba, ka ba shi allo da alli mana, mu zauna a ƙasa."

Ma'aikata suka yi dariya, don dariyar Manaja ba a barin ta ita kaɗai. Farfesa ya yi murmushi ya haɗiye.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Wani dattijo ne da kowa ke kira Kawu. Shekara talatin da ɗaya yana tare da Mai Azurfa, tun masana'antar tana rumfa ɗaya. Shi ke wanke kaya, shi ke goge su, shi ke ciro allunan azurfa da yamma ya ɗauraye ya kai ma'aji. Hannayensa sun yi kanta kamar fatar takalmi.

Da aka watse, ya cire safar hannunsa ta roba ya miƙa wa Farfesa.

Ya ce, "Ɗana, taka ta huje, riƙe wannan. Ruwan nan ba ya wasa. Maganar da ka yi kuma ka ci gaba da yin ta. Ni ban san lissafi ba, amma na daɗe da lura cewa allo yana ramewa daidai da yadda inji ya yi aiki."

Tun daga ranar suka shaƙu. Da rana tare suke shan shayi a bakin ƙofar ɗakin tanki, Kawu na ba shi labarin kurakuran da ya tafka yana saurayi.

Farfesa ya sayi ƙaramin littafi. A farkon kowane wata yana rubuta nauyin alluna. Yana kuma rubuta lambar wani ɗan agogo da ke bayan injin wuta, wanda ke ƙirga awoyin da inji ya yi a kunne. Agogon ya sha ƙura, babu mai leƙa shi. Shi ma don sabo kawai yake rubutawa.

Haka aka yi shekara biyu.

Wata rana a ƙarshen wata, aka ɗora alluna a sikeli kamar yadda aka saba. A farkon watan kilo shida ne. Littafin aiki, wanda ake rubuta duk lokacin da aka kunna inji, ya nuna awa ashirin da biyar, don galibin aikin wanki ne da goga, wuta ba ta daɗewa a kunne. Farfesa ya buga: awa ashirin da biyar sau giram tamanin, kilo biyu. Ya kamata kilo huɗu ya rage.

Sikeli ya nuna kilo uku da giram ɗari biyu.

Ya sauke, ya goge sikelin, ya sake ɗorawa. Bai canza ba. Giram ɗari takwas babu su.

Bai yi tunanin komai ba, ya ɗauki takardar ya kai ofis. Mai Azurfa yana zaune, Manaja na tsaye a gefensa.

Manaja ya karɓi takardar. Ya daɗe yana kallon ta. A karo na farko a rayuwarsa, bai yi wa lissafin dariya ba.

Ya ce, "Baba, wannan lissafi gaskiya ne. Ɓarawo muke da shi a cikin gida. Kuma wa ke ɗaukar allunan nan kullum da yamma shi kaɗai?"

Kafin kowa ya buɗe baki ya fita. Ya je inda Kawu ke ajiye kayansa, ya zazzage jakarsa a gaban ma'aikata. Wani ɗan gwangwani ya gangaro. Ya buɗe, sai ga garin azurfa a ciki.

Kawu ya ce, "Ƙurar goga ce. Ita nake tarawa in kawo wa maigida idan ta cika. Ai ya sani, shekara nawa ina kawowa."

Manaja ya ce, "Kana kawo cokali ɗaya, kana tafiya da ludayi. Kankare allo kake yi kaɗan kaɗan, ka ɗauka ba za a gane ba. To yanzu muna da mai lissafi."

Mai Azurfa ya fito ya tsaya. Ya kalli gwangwanin, ya kalli takardar, ya kalli tsohon abokin wahalarsa.

Ya ce, "Kwana uku na ba ka. Ka dawo da abin da ka ɗauka, mu rufe maganar a nan. Idan ba haka ba, hukuma za ta raba mu. Kafin nan kada ka taɓa komai nawa."

Kawu bai yi gardama ba. Ya tattara kayansa ya mayar cikin jaka, ya je ya zauna a kan wani benci a tsakar masana'antar. Washegari ma ya zo a kan lokaci, ya zauna a wurin. Ba aiki, ba mai yi masa magana. Waɗanda jiya suke cin abinci tare da shi, yau kewaye shi suke yi.

Tun a ranar farko Farfesa ya shige ɗakin tanki ya rufe ƙofa. Takardarsa ce ta jawo wannan. Da hannunsa ya kai ta.

Ya ciro allunan ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Idan an kankare ƙarfe, sai an ga sawun zarto ko na wuƙa. Waɗannan sumul suke, sun rame daidai ta ko'ina, irin ramar da wuta ke yi.

Nan ya tuna da agogon bayan inji. Ya ja injin ya leƙa bayansa, ya goge ƙurar agogon da yatsa. Ya buɗe ɗan littafinsa, ya cire lambar farkon wata daga ta yau.

Awa talatin da biyar.

Littafin aiki ya ce ashirin da biyar, agogo ya ce talatin da biyar. Akwai awa goma da inji ya yi aiki ba a rubuta ba. Awa goma sau giram tamanin, giram ɗari takwas cif.

Ba wanda ya kankare komai. Wani ne ya zo lokacin da babu kowa, ya kunna inji, ya yi wa wasu kaya ruwan azurfa, ya kwashe su ya tafi. Makullin masana'antar kuwa biyu ne a duniya. Ɗaya a aljihun Mai Azurfa, ɗaya a aljihun Manaja.

Yana durƙushe a bayan injin sai ya ji an turo ƙofa. Manaja ne, ko hanci bai toshe ba. Ya ga injin a jaye, ya ga littafin a buɗe. Ya mayar da ƙofar ya rufe, ya jingina da ita.

Ya ce, "Me kake nema a nan?"

Farfesa ya ce, "Yaya, inji ya yi awa goma da ba su cikin littafi."

Manaja ya sassauta murya.

Ya ce, "Saurara. Kai mai hankali ne. Kawu ya tsufa, dama ya kusa ajiye aiki. Zan roƙi Baba kada a kai shi ko'ina, a sallame shi kawai ya je ya huta. Babu wanda zai kwana a tsare. Shi ke nan, kowa ya tsira."

"Da sunan ɓarawo zai tafi, Yaya."

"Kai da wane suna za ka tafi? Ka tuna a ina kake kwana. Ka tuna cikin ƙanwata wata bakwai. Kana ganin idan ka tsaya gaban Baba ka ce ɗansa na fari ɓarawo ne, wa zai kora? Ni ko kai? Hawan jininsa kuma, idan ya faɗi, kai za ka ɗauka."

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya bar shi a durƙushe.

Ranar Farfesa bai fito shan shayi ba. Idan ya fito dole ya wuce ta gaban bencin. Ya zauna a cikin warin magani har aka tashi, sannan ya bi ta ƙofar baya.

A gida ma babu sauƙi. Ya wuce surukinsa a ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi, bakinsa cike da magana, ya haɗiye. Ya shiga ɗaki ya zauna. Ta bango yana jin muryar Manaja yana wasa da 'ya'yansa.

Kwana na biyu ya fi na farko nauyi. Ya yi kuskuren rataye cokula, ya sake. Ya zubar da ruwan ɗauraya a ƙafarsa. Da tsakar rana ya leƙa ta kafar ƙofa. Inuwa ta bar bencin, amma Kawu bai matsa ba. Yana zaune a rana, hannayensa a kan gwiwa.

Da ya koma gida da yamma, Auta tana ninke wanki. Ta dube shi ta ce, "Kwana biyu ke nan ba ka ci abin kirki ba. Ko dai ka gaya min, ko in je in tambayi Baba abin da aka yi maka."

Ya gaya mata komai.

Ta ajiye rigar da ke hannunta. Abin da ya fara fitowa daga bakinta faɗa ne.

"Me ya kai ka leƙa bayan inji? Wa ya aike ka? Yaya fa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya! Idan ka faɗa, da wane ido zan kalli mutanen gidan nan? Cewa za a yi na kawo wanda ya raba uba da ɗa. Kuma ina za mu je da wannan cikin?"

Ya ce, "Ban sani ba."

"Ka tabbata ma? Ko lissafin ne ya ruɗe ka?"

"Na so a ce ya ruɗe ni. Sau goma na sake."

Ta juya masa baya tana kuka. Bai ba ta haƙuri ba, don bai san a kan me zai ba ta ba.

Da safe ya tashi ya tarar da akwatinsu biyu a bakin ƙofa, a ɗaure. Auta na zaune a kai, idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Lokacin da nake ƙarama, idan na je masana'anta, Kawu ne ke ɗora ni a wuya don kada in taka ruwan magani. Jiya na kasa cire wannan daga raina. Idan an kore mu, ka ga na riga na shirya. Je ka."

Ranar ce ta uku.

Da hantsi Mai Azurfa ya sa aka kira Kawu ofis. Ma'aikata suka taru a bakin ƙofa. Manaja na tsaye a inda ya saba tsayawa.

Mai Azurfa ya ce, "Ka kawo?"

Kawu ya ce, "Ban ɗauka ba, maigida. Ba ni da abin kawowa."

Manaja ya ce, "Baba, ka yi masa afuwa albarkacin shekarunsa. A sallame shi kawai."

Nan Farfesa ya ratsa mutane ya shiga. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, don bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba.

Ya ce, "Baba, a gafarce ni. Lissafin da na kawo rabi ne. Kawu bai taɓa allunan nan ba. Wuta ce ta ɗauki azurfar."

Ya yi bayanin agogon, da awa goman da ba a rubuta ba.

Manaja ya daka masa tsawa. "Ka ji butulci! Muna ciyar da kai, kana ƙulla mana sharri? Tsohon agogo mai tsatsa ne shaidarka?"

Mai Azurfa ya ɗaga hannu, ɗansa ya yi shiru. Fuskarsa ta ɗaure.

Ya ce wa Farfesa, "Ka san nauyin abin da kake faɗa, a gabana, a cikin wurina? Shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa jin an ce biro ya san abin da ke faruwa a cikin tanki ba. Idan maganarka ta zama iska, yau za ka bar min gida."

Farfesa ya ce, "Na yarda, Baba. Minti goma sha biyar kawai nake roƙo."

Ya yagi takarda, ya rubuta wani abu, ya ninke, ya miƙa wa surukinsa. Ya ce ya riƙe kada ya buɗe.

Aka ɗunguma zuwa ɗakin tanki. Ɗakin da mutum uku ke cika shi, ranar ya ɗauki fiye da goma. Farfesa ya ce shi ba zai taɓa komai ba. Mai Azurfa da hannunsa ya auna cokula arba'in, ya rubuta nauyinsu. Ya auna alluna, ya rubuta. Ya rataye su, ya duba lambar agogon bayan inji, ya kunna wuta a kan ampiya ashirin, ya cire agogon hannunsa ya riƙe.

Ba a taɓa yin dogon minti goma sha biyar irin wannan ba. Zafi, wari, ga zufa na bin bayan kowa. Farfesa yana tsaye a lungu, bango a bayansa, mutane a gabansa. Idan waya ɗaya ta saki, ko sikeli ya yi gardama, shi ke nan an gama da shi da Kawu gaba ɗaya.

Lokaci ya cika. Mai Azurfa ya kashe inji. Ya leƙa agogon baya, ya ga ya matsa daidai da na hannunsa. Aka ciro kaya, aka ɗauraye, aka busar.

Ya ɗora cokula a sikeli. Sun ƙaru da giram ashirin.

Ya ɗora alluna. Sun ragu da giram ashirin.

Ya buɗe takardar da ke aljihunsa. Abin da ke ciki: "Cokula za su ƙaru da giram ashirin. Alluna za su ragu da giram ashirin."

Wani daga cikin ma'aikata ya yi salati da ƙarfi.

Mai Azurfa ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, "Idan kwatan awa ya ci ashirin, awa goma nawa za ta ci?"

Farfesa ya ce, "Ɗari takwas, Baba."

Dattijon ya sa hannu a aljihu ya ciro makullinsa, ya ajiye a kan teburin sikeli.

Ya ce, "Ga nawa. Bai taɓa barin jikina ba. Ina ɗayan?"

Bai juya ba, amma kowa ya san da wa yake.

Manaja ya fara cewa wataƙila an ari makullin, wataƙila an yanka wani. Uban ya juyo ya kalle shi, kallo ɗaya. Sai muryar Manaja ta karye. Ya ce wani ɗan kasuwa ne ya kawo masa awarwaron tagulla masu yawa. Ranakun hutu biyu ya zo shi kaɗai ya yi musu ruwan azurfa. Ya ce bai san za a iya ganewa ba. Ya ce da niyyar mayarwa ya yi.

Mai Azurfa ya ce, "Azurfa ba ta dame ni ba. Tawa ce, gobe taka ce. Amma ka zazzage jakar mutumin da ya girmi uwarka a gaban jama'a, kana sane."

Ya juya ga Farfesa. "Kai kuma, yaushe ka gano?"

"Shekaranjiya, Baba."

"Shekaranjiya. Kwana biyu kana kallon sa zaune a rana."

Farfesa ya sunkuyar da kai.

Mai Azurfa ya fita tsakar masana'anta, inda Kawu ya koma kan bencinsa. A gaban kowa ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Na zalunce ka. Ka yafe min."

Kawu ya miƙe a hankali. Ya ce, "Na yafe, maigida, duniya da lahira. Yaron ma na yafe masa. Amma aiki na ajiye."

"Haba, kada ka yi min haka."

"Shekara talatin da uku ina ɗaukar azurfarka da hannuna. Da na ce ban ɗauka ba, shekarun nan ba su isa shaida ba, sai da sikeli ya yi magana. Ba fushi nake yi ba. Zuciyar ce ba za ta iya ba."

Ya rataya jakarsa ya fita. Mai Azurfa ya bi shi har bakin titi yana roƙo. Bai dawo ba.

Ba a kori Farfesa ba. A ranar aka karɓe makullin Manaja aka ba shi. Manaja kuma aka ce ya zaɓa, ko teburin goga ko ƙofa. Ya zaɓi teburin goga. Wata takwas bai amsa gaisuwar Farfesa ba, ko haihuwar Auta bai leƙo ba. Wasu cikin dangi har yau suna ganin da an rufa asiri ya fi.

Labarin gwajin kuwa ya zaga cikin masu sana'ar. Masu irin wannan aiki suka riƙa kiran Farfesa ya duba musu tankunansu. Kafin shekara ta zagayo, shi da Auta sun kama gidansu na kansu, da yardar surukinsa.

Amma akwai abin da bai bar shi ya sake ba. Wata ranar hutu ya shirya ya tafi gidan Kawu. Ya same shi a ƙofar gida yana gyara wa jikarsa keke.

Bayan sun gaisa, ya ce, "Kawu, na zo neman gafara ne. Kwana biyu na san gaskiya, na ɓuya a ɗaki."

Kawu ya ajiye sifana ya goge hannu.

Ya ce, "Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Duk kwanakin nan uku, mutanen gidana ba su san komai ba. Kullum sai in fita kamar zan je aiki. A rana ta uku riga biyu na saka, ɗaya a kan ɗaya, don na ji an ce inda ake tsare mutane a ƙasa ake kwana. Na sallami matata kamar kullum. Na shafa kan yarinyar nan. Ban san ko zan dawo ba."

Farfesa ya rufe fuska da hannu.

Kawu ya dafa kafaɗarsa. "Daina kuka, ɗana. Mu fiye da goma ne a wurin, kowa ya san halina, kuma babu wanda yake da abin asara kamar kai. Kai kaɗai ka buɗe baki. Da yamma na dawo gida na cire rigar nan ta biyu na ninke, matata na tambayata ko sanyi nake ji."

Ya yi dariya, ya miƙa masa sifanar.

"Riƙe min tayar nan. Yarinyar tun safe take jira."

Darasi: Ilimin da Allah ya ba ka amana ce, ko da ana yi maka dariya a kansa, wata rana mutuncin wani zai rataya a kai. Idan ka san gaskiya, kada tsoron rasa aiki ko muhalli ya rufe maka baki, domin duk ranar da ka yi shiru, akwai wanda ke shan azabarta. Kai kuma mai iko, kada ka yi gaggawar zargin wanda ya daɗe yana riƙe maka amana, don ba kowace ɓaraka ce ban haƙuri ke ɗinkewa ba. Idan labarin nan ya taɓa zuciyarka, ka tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila a cikinsu akwai wanda yake riƙe da wata gaskiya yana jin tsoron faɗa.